Robert Woodward: kwinin ɗinsa bai shiga kasuwa ba, to ina gwanintar?

Tambaya: Malam, ni ɗalibin kemistiri ne a aji uku na jami'a. Malaminmu ba ya gama darasi bai ambaci Robert Woodward ba, wai shi ne gwarzon masu harhaɗa sinadarai. Amma na ji an ce kwinin ɗin da ya haɗa ba a taɓa sayar da shi a kemis ba. To ina amfaninsa?

Amsa: Abin da ka ji gaskiya ne. A 1942 Japan ta mamaye tsibirin Java, inda ake noman itacen sinkona da ake tatsar kwinin, maganin zazzaɓin cizon sauro, daga ɓawonsa, zazzaɓin cizon sauro kuwa yana ta kayar da sojojin Amurka. A 1944 Woodward, yana ɗan shekara 27 a Jami'ar Harvard, shi da William Doering suka sanar da hanyar haɗa maganin a ɗakin gwaji. Jaridu suka yi ta yayatawa, amma hanyar ta yi tsawo, abin da ake samu a ƙarshe bai taka kara ya karya ba. Har gobe daga ɓawon itacen ake samun kwinin. Hasali ma ba su kai ga kwinin kansa ba. A kwinotoksin, wani sinadari ɗan'uwan kwinin, suka tsaya, suka dogara da rahoton masana kemistiri Rabe da Kindler na 1918 cewa daga nan saura taki uku. Wani masanin kemistiri, Gilbert Stork, ya yi shakkar wannan, sai a 2008 Aaron Smith da Robert Williams suka maimaita takin ukun, aka ga suna aiki.

Sai dai malaminku ba don kasuwa yake ambatonsa ba. Kafin Woodward, yawanci a zuba ne a dafa a ga abin da zai fito. Shi kuwa sai ya zauna da alli, ya bi inda kowane ilektiron (ɗan ƙanƙanin ɓurɓushi mai ɗauke da lantarki) zai nufa a cikin ƙwayar sinadari, ya tsara tafiyar tukuna kafin a taɓa kwalba. Babbar wahalar ita ce, sinadarai biyu na iya zama iri ɗaya sak amma a juye, kamar hannun dama da na hagu, ɗaya ya yi magani ɗayan ya zama banza. Dabararsa ita ce ya fara gina zobba masu tauri, wato sassan ƙwayar sinadari da suka haɗe a da'ira, waɗanda za su tilasta wa kowane sabon sashe shigowa ta ɓangaren da yake so, in sun gama aiki ya ɓalle su. Duba yadda ya haɗa rezafin, maganin hawan jini, a 1956. A ganina nan ne gwanintarsa ta fi fitowa fili.

Sauran kuwa sun zo a jere: kolestarol (wani nau'in kitse a jiki) da kotizon (maganin kumburi) a 1951, sitirikinin (wata guba) a 1954, kulorofil (sinadarin da ke sa ganye ya yi kore) a 1960, sai kyautar Nobel a 1965.

Aikin bitamin B12 ne ya fi cin rai. Shi da Albert Eschenmoser na birnin Zurik a Switzerland suka kwashe fiye da shekara 10 a kansa, da mataimaka kusan 100, aka kammala a 1972. Babu kamfanin da zai bi wannan hanya, tunda ƙwayoyin bakteriya suna yin bitamin ɗin da araha. Amma a tsakiyar aikin wani zobe ya rufe ta ɓangaren da ba a zata ba. Woodward bai ce tsautsayi ne ya wuce ba. Ya nemi matashi Roald Hoffmann, suka fito a 1965 da dokokin da ke hasashen yadda irin waɗannan zobba ke rufewa idan aka ɗumama su, da yadda abin ke juyewa idan haske aka haska musu. Za ka haɗu da su a jarrabawa, ka shirya.

Ɗalibai da masu bincike fiye da 200 ne suka koyi aiki a hannunsa, suka bazu jami'o'i da kamfanonin magani. Shi ya rasu a 1979, shekara biyu kafin a ba Hoffmann da Kenichi Fukui Nobel a kan wannan fanni, kyautar kuwa ba a ba mamaci.