Tambaya da Amsa: Mantuwa ta dame ni a kasuwa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Mile 12 nan Legas, tumatir da tattasai nake sayarwa, shekarata 36. Wallahi mantuwa ta dame ni, mutum zai ɗauki kwando bashi da safe, kafin la'asar na rasa uku ne ko huɗu, ko sallah ma kullum sai na yi ƙabli ko ba'adi. Wasu sun ce sammu ne. Dan Allah ƙwaƙwalwata ce ta fara lalacewa?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ba da kasuwa. Tambayar nan taka ta taɓa ni, don na san yadda hankalin mutum ke tashi in ya fara zargin kansa. Amma yadda ka kwatanta ɗin nan ni ban ga alamar lalacewa ba, abin da na fi zato shi ne maganar ba ta shiga kan ba tun farko, balle ta fita.

Ka tuna lokacin da mutumin ke ɗaukar kwandunan. Mota na sauke kaya, ɗan dako na jiran kuɗinsa, wata mata na taya maka tattasai da Yarbanci kana ba ta amsa, ga waya a kunne, ga ido a kan alat ɗin tiransifa da bai shigo ba. Toh ina wurin da "kwando huɗu" zai zauna?

Masu binciken halayyar ɗan Adam sun daɗe da auna wannan. Akwai wani ɗan wuri a kai da ake ajiye abin da ake aiki da shi yanzu-yanzu, kamar faranti ne ba rumbu ba. A 1956 wani Ba'amurke George Miller ya ce abu wajen bakwai yake ɗauka, daga baya a 2001 Nelson Cowan ya ce in an duba da kyau bai wuce wajen huɗu ba. Shi ya sa kake karanta lambar waya kashi-kashi, huɗu, uku, huɗu, ba 11 a jere ba, kuma da wani ya yi maka magana a tsakiya shikenan sai ka koma farko.

Wanda ya fi ba ni mamaki gwajin Simons da Chabris ne a jami'ar Harvard a 1999. An nuna wa mutane bidiyon masu jefa ƙwallo aka ce su ƙirga jifan masu farar riga, sai mutum sanye da rigar goggon biri ya ratsa ta tsakiya har da dukan ƙirji, kuma kusan rabin masu kallon ba su gan shi ba sam. Lafiyarsu lau fa, idonsu a buɗe, hankalin ne ke wani wuri.

Don haka ka sayi ƙaramin littafi, kar kwando ya bar gabanka sai ka rubuta suna da adadi, ka kuma faɗa da baki mai ɗauka ya ji. Lokacin lissafi ka kife waya, wanda ya kira zai sake kira. Sallah kuma ka ɗan zauna minti biyu bayan alwala kafin kabbara, kan ya sauka daga kasuwa.

Sai barci. Na san irin sammakon da kuke yi don tarar mota da kuma daren da gosulo ke sa ku kai, amma a cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke adana abin da aka wuni da shi, ka yi ƙoƙarin samun awa bakwai.

In kuwa ka fara ɓata a hanyar gidanka, ko sunan yaranka na ɓace maka, ko iyalinka sun ce kana maimaita tambaya ɗaya a zama ɗaya, wannan daban ne, kar ka tsaya, ka je asibiti, ga asibitin koyarwa na Jami'ar Legas, LUTH, nan a Idi-Araba. Ka gwada littafin na wata guda ka sake rubuto mana.