Amsa ga ƙanena kan kyamarorin roba masu fim

Ƙanena, na karanta saƙonka, kuma na yi murna da ka samu gurbin karatun ɗaukar hoto a nan Ingila. Ka tambaye ni yadda ake samun hotunan nan masu duhu a kusurwoyi da dishi-dishi a gefe, da kuma ko sai mutum ya mallaki kyamara mai tsada. Ba sai da ita ba. Yawancinsu da kyamarorin roba masu araha ake ɗaukarsu, musamman Diana da Holga, waɗanda duka biyun a Hong Kong aka fara ƙera su, Diana a shekarun 1960, Holga kuwa a farkon shekarun 1980. Tun 2007 kamfanin Lomography na birnin Biyana a ƙasar Austriya yake sake ƙera Diana, saboda haka samunta ba wuya.

Abin da ke burge ka a hotunan daga nakasar kyamarar yake fitowa. Idon Holga na roba ne, ƙwaya ɗaya tak, shi ya sa tsakiyar hoto ke fitowa tar, gefe ya yi laushi, kusurwoyi su yi duhu. Murfin bayanta kuma ba ya rufuwa ruf, sai haske ya riƙa kutsawa yana barin zane ja ko ruwan goro a jikin fim mai launi. Wasu na liƙe ta da baƙin tef irin na masu gyaran lantarki, har da jar tagar da ake duba lambar hoto a bayanta. Ni a ganina kada ka liƙe komai sai ka ɗauki naɗin farko an wanke, domin kowace kyamara da inda take yoyo, kuma sai ka san naka kafin ka yanke shawarar wanda za ka toshe da wanda za ka bari. Haka nan danna maɓalli ba ya juya fim, don haka kana iya ɗora hoto biyu a wuri guda da gangan.

Ka kula sosai da batun haske, domin nan ne ɗalibin da ya zo daga gida ya fi shan wahala. Saurin ɗaukar Holga ɗaya ne, kusan kashi ɗaya cikin 100 na daƙiƙa, wanda ya wadatar a hasken ranar da ka saba da shi a gida, amma a hunturun nan, inda rana ke faɗuwa wajen ƙarfe 4 na yamma kuma hadari ke wuni a sama, hoton kan fito baƙi ƙirin. Ka riƙa amfani da fim mai lamba ISO 400, wato mai saurin kama haske.

Maganar kuɗi ba zan ɓoye maka ba. Kyamarar ce mai araha, ba aikin ba. Holga tana cin fim mai suna 120, wanda naɗi ɗaya ke ba da hoto 12 kacal masu kusurwa huɗu daidai, sannan ga kuɗin wanki da na mayar da su kan kwamfuta, kuma cikin ɗan lokaci sai ka ga sun zarce kuɗin kyamarar. Da zarar ka iso, ka tambaya ko sashenku yana da ɗakin wankin hoto, ka fara da fim mai baƙi da fari, wanda za ka iya koyon wankewa da hannunka. Idan kuma za ka yi tafiya da fim ta jirgi, ka riƙe shi a jakar hannu, ka roƙi jami'an tsaro su duba shi da hannu, domin sababbin na'urorin bincike na lalata shi.