Amsa ga Alhajin da 'yarsa ke son karantar yashi da igiyar teku

Salamu alaikum Alhaji, Allah ya ƙara girma. Kun ce 'yarku ta gama digirin lissafi a Jami'ar Ghana da ke Legon, tana bautar ƙasa, kuma ta kafe sai ta yi digiri na biyu kan yadda igiyar teku ke kwasar yashi daga nan ta zube can. Mutanen gida a Nima na yi mata dariya, wai wa ya taɓa cin abinci da yashi in ba direban tifa ba. Kuna so ku ji ko karatun na gaske ne, ko akwai aiki bayansa. A wannan fanni na yi furfura, bari in faɗi abin da na sani.

Karatu ne, mai wuya ma. Gaɓar Ghana ta kai kilomita 550, kuma yashin da ke kanta kullum tafiya yake. Manyan igiyoyin da ke dukanmu can kudancin tekun Atilantika guguwa ke tayar da su, su yi kwanaki a hanya, su iso ta kudu maso yamma. Da yake a karkace suke faɗa wa gaɓa, kowace sai ta ɗan tura yashi gabas, har ya wuce Togo da Benin. Duk abin da aka gina ya tare hanyar, yashi ya taru ta yammansa, gabashinsa kuma teku ta ci. Shi ya sa in muka kalli tashar jirgin ruwan Tema, wadda aka buɗe a 1962, ko ta Lome, abin da muke fara tambaya shi ne waɗanne garuruwa ne ke gabas da ita.

Keta kuwa, garin da ke bakin teku a gabashin Ghana, ita ce makarantar kowa a cikinmu. Teku na cin garin tun kafin a gina madatsar Akosombo, amma da aka kammala ta a 1965 sai yashi da lakar da kogin Volta ke kawowa suka riƙa kwanciya a bayan dam, gaɓa ta rasa abin da ke mayar mata da wanda ta yi asara. Ganuwar Prinzenstein da mutanen Denmark suka gina a 1784, ku je ku ga abin da ruwa ya bari. An yi babban aikin kariya da shingayen duwatsu masu shiga cikin teku, aka gama wajen 2004, Keta ta samu sauƙi. Sai dai shingen yashi yake tarewa, wanda ya tare kuma na Blekusu ne da Agavedzi da ƙauyukan da ke gaba. Tamkar maƙwabci ne ya ɗaga dakalin ƙofarsa da damina, ruwan bai ɓace ba, gidanka ya nufo. A Nuwamban 2021 teku ta sake shiga gidaje a yankin, dubban mutane suka rasa wurin kwana. Aikin da 'yarku ke nema shi ne ta iya cewa, tun kafin a sauke dutse ɗaya, ga inda yashin zai tsaya, ga wanda zai rasa.

Lissafinta zai yi mata rana. Ga misali. A ruwa mai zurfi, igiyar da ke zuwa duk daƙiƙa 12 tsawonta ya haura mita 220, kuma tana fara jin ƙasa da zarar zurfin ya gaza rabin wannan tsawo. Daga nan sai ta rage gudu, ta lanƙwasa, ta tashi, ta fashe. A tsohuwar ƙa'idar lissafi ta injiniyoyin sojan Amurka, wadda har gobe ake amfani da ita, in tsayin igiya ya ninka biyu, yashin da take ja yana ninkawa fiye da sau biyar. Ke nan 'yan makonnin da teku ke haukacewa tsakanin Yuni da Satumba sun iya kwashe abin da sauran shekara ba ta kwashe ba. Ana zuba waɗannan a manhajoji irin su SWAN da Delft3D da XBeach na mutanen Holan, waɗanda kyauta ne, ko MIKE 21 na Denmark, wanda lasisinsa ke da tsada. Ta fara koyon Python, yaren rubuta manhajar kwamfuta, tun yanzu, kada ta jira a koya mata a aji.

Amma ga inda nake so ku saurare ni da kyau, Alhaji. Manhaja ba ta musu. Ka ba ta zurfin teku na ƙarya, za ta fito maka da taswira mai launi ja da shuɗi, kyakkyawa, kowa a taro ya yi tafi. Na zauna a irin wannan taro, wani kamfani da ba zan ambata ba ya kawo rahoto kan wani bakin ruwa, alhali taswirar zurfin da ya jingina da ita ta girmi kowa a ɗakin, kuma ba wanda ya taɓa jiƙa ƙafa a wurin. Masunta kawai aka tambaya suka ce tudun yashin da ke hoton ya daɗe da barin nan. Bayanan igiya da yawancinmu ke ɗaukowa daga cibiyar hasashen yanayi ta Turai suna da amfani, amma kowane ɗigo a cikinsu yana wakiltar kilomita gommai na tsakiyar teku. Hoton tauraron ɗan adam na Sentinel-2 kuma ɗigonsa mita 10 ne, alhali binciken Farfesa Kwasi Appeaning Addo na Legon ya nuna gaɓar Akra na ja da baya da kimanin mita ɗaya ne a shekara. Wanda ya dogara da hoto ɗaya ko biyu, bambancin cikar teku da janyewarta ma ya isa ya ruɗe shi.

Saboda haka wanda ake nema a wannan fanni shi ne mai haɗa biyun: ya iya lissafi, kuma ya fita da asuba da na'urar awo ya auna gangaren gaɓa wata bayan wata, ya hau kwalekwale ya auna zurfi, ya ɗebo yashi ya busar ya tankaɗe don sanin girman ƙwayarsa, ya tashi jirgi maras matuƙi. Masu danna manhaja sun yi yawa a duniya. Masu awon gaɓarmu na shekaru a jere kaɗan ne, kuma su Turawan ke nema in sun zo aiki. Maganar fita daji kada ta dame ku, rukuni ake tafiya, kuma akwai mata da ke jan ragamar irin wannan aiki.

Wurin karatu ba sai ta ƙetare ba. Legon na da sashen kimiyyar teku da kamun kifi, Jami'ar Cape Coast na da cibiyar nazarin gaɓar teku ta ACECoR da Bankin Duniya ya tallafa, ga Jami'ar Harkokin Teku a Nungua. Digirin digirgir ne aka fi fita yi, Delft ta ƙasar Holan ko Faransa ko Ingila, yawanci da tallafi.

Abinci fa? Ba zan ce za ta yi kuɗi da wuri ba. Shekarun farko na ɗan kwantiragi ne, wannan aikin bincike ya ƙare a jira wancan, kuma gurbin koyarwa a jami'a ba kullum yake buɗewa ba. Amma akwai hukumar tashoshin jiragen ruwa, da hukumar kula da ruwa da magudanai, da ta kare muhalli, da kamfanonin yashe teku, da shirin WACA na gaɓar Afirka ta Yamma. Mai jin Faransanci ya fi samu, don matsalar Keta ita ce ta Lome da Kwatano.

Kafin ku biya ko sidi ɗaya, ta je ta ga malamin da zai duba aikinta, ta tambaye shi wace gaɓa za ta auna, da na'urar wa, wa zai biya kuɗin mota da kwalekwale, kuma ɗalibansa na baya ina suke aiki yanzu. In ya ce duk a kwamfuta za a gama, ta nemi wani malamin.