Amsa kan sansanin ƙwallo na jami'o'in Amurka

Malam, ka ce wata jami'a ta gayyaci ɗanka sansanin ƙwallo ta imel, ko sun zaɓe shi ke nan? Gaskiya a'a, yara da yawa ake tura wa irinsa, kuma ku za ku biya kuɗi. Za a ba shi riga mai lamba, a yi atisaye a buga wasa, kociyoyi na gefe suna rubutu, don haka ya tura musu bidiyonsa da sakamakon makaranta tun kafin ranar. Kafin 15 ga Yuni bayan ya gama aji 10 (a tsarin makarantun Amurka), dokar NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, ta hana kocin Division I (rukuni mafi girma a wasannin jami'o'in) yi masa maganar ɗaukarsa cikin ƙungiya, don Allah kar shirun ya karya masa gwiwa.