Amsoshin tambayoyinku: koyar da waƙoƙin Homa na tsohuwar Girka da kalmomin cikinsu

Wata malama da ke koyar da adabi a kwalejin ilimi ta aiko cewa an sa mata waƙoƙin jarumta na tsohuwar Girka cikin darasinta, tana ba ɗalibai jerin kalmomi duk mako su haddace, su kawo ranar gwaji, amma bayan sati biyu babu wanda ke tuna ko guda. Ta ce ina mafita?

Malama sannu da ƙoƙari, Allah ya saka da alheri. Amma jerin nan shi ne matsalar, ki aje shi gefe. Waƙoƙin nan biyu da ake danganta wa Homa, wato Iliyad, labarin yaƙin Girkawa da birnin Turoya, mai layi sama da 15,000, da Odisi, labarin komawar jarumi Odisiyos gida bayan yaƙin, mai layi sama da 12,000, ko wacce an kasa ta kashi 24, tun asali don kunne aka yi su, mawaƙi ne ke rerawa a gaban jama'a wajen ƙarni na 8 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), to kin ga kalmar da aka yi don a ji ta cikin rerawa in kika zare ta kika rubuta a allo ita kaɗai tsirara, babu abin da zai riƙe ta a kan yaro.

Bari in faɗa miki abin da ya canja fahimtar masana kan wannan. Akwai wani Ba'amurke Milman Parry, a 1928 ya gabatar da bincikensa a Paris kan laƙabobin da Homa ke manna wa mutane. Abin da ya dami masu karatu tun da can shi ne, me ya sa kullum Akilis, babban jarumin Girkawa a Iliyad, "mai saurin ƙafa" ne, ko yana gudu ko yana zaune a tantinsa yana amsa wa baƙi magana? Me ya sa asuba kullum "mai jajayen yatsu" ce? Parry ya nuna cewa ko wane laƙabi yana da tsawonsa, mawaƙi yana ɗauko wanda zai cike masa gurbin da ya rage a layi. In gurbin gajere ne ya ce dios Odusseus, Odisiyos mai daraja, in ya ɗan fi tsawo ya ce polumetis Odusseus, mai yawan dabara, in ya fi haka ya ce polutlas dios Odusseus, mai yawan juriya mai daraja. Daga 1933 zuwa 1935 ya je tsohuwar Yugoslabiya, daga baya ɗalibinsa Albert Lord ya bi shi, suka naɗi mawaƙan baka masu kiɗa da gusle, wani abin kiɗa mai tsirkiya ɗaya da ake gogawa, har suka samu wani dattijo Avdo Međedović wanda ya ba su waƙa guda mai layi sama da 12,000 daga ka, bai iya karatu ba. Nan aka ga da ido cewa mutum zai iya shirya waƙa mai tsawon Odisi yana cikin rerawa, in dai yana da taskar jimloli shiryayyu a kansa.

To malama ɗalibanki ai sun san wannan tun suna goye, sunansa kirari. Babu Bahaushen da zai ce miki ƙarya ne a kira Kano tumbin giwa ranar da kasuwa ba ta ci ba, ko a ce wa dila malamin daji alhali yana barci. Kirari na mai shi ne ko yaushe. Ki fara darasin daga nan, ki sa ko wane ɗalibi ya kawo kirarin garinsu ko na kakansa, sannan ki buɗe musu kashi na 1 na Iliyad ki ce su farauto kirarin Akilis da na Agamemnon shugaban rundunar Girkawa da na Atina, ɗaya daga allolinsu. Wallahi za ki ga ajin ya farka. Kuma kalmar da suka haɗu da ita sau goma cikin kirari ta zauna kenan, ba sai an doke su ba, don shi Homa da kansa mai maimaitawa ne, aikin bitar da kike wahala kina shirya musu ya riga ya yi miki shi cikin waƙar.

Akwai kuma wata fa'ida da yaranmu ke da ita wadda ɗan Ingila ba shi da ita, abin yana min ciwo yadda ba a amfani da ita. Ma'aunin waƙar Homa a kan tsawon gaɓa yake tafiya, doguwa da gajera, ƙafa shida a ko wane layi, ko wace ƙafa doguwa ɗaya da gajeru biyu, ko kuma dogaye biyu. Ingilishi da ƙarfin murya yake auna waƙa shi ya sa ɗalibansu ke shan wahala, mu kuwa kunnenmu ya saba, mun san bambancin gari na zama da gari na tuwo, kuma rubutattun waƙoƙinmu a kan arulin Larabci aka gina da yawansu, wanda shi ma tsawon gaɓa yake bi. Sunan ƙafar nan daktulos, ma'anarsa yatsa. Ki ce su dubi manuniyarsu, gaɓa ɗaya doguwa biyu gajeru, shi kenan sun riƙe ma'aunin sun kuma riƙe kalma, in suka je ga rhododaktulos, asuba mai yatsu kalar furen wardi, rabin kalmar sun riga sun san shi.

Kalmomi kuwa ki riƙa ba su a dangi dangi, 'yan kaɗan masu nauyi. Misali xenos. Kalma ɗaya ce tana nufin baƙon da ba a sani ba, tana nufin baƙon da aka sauka, har abokin da amanar baƙunta ta haɗa ku. A kashi na 6 na Iliyad, Giloko na ɓangaren Turoya da Diyomidis na ɓangaren Girkawa sun haɗu a fagen daga za su kashe juna, da suka yi tambayar asali suka gano kakan ɗaya ya taɓa saukar kakan ɗaya, sai suka aje faɗa suka yi musayar kayan yaƙi. A kashi na 9 na Odisi kuma ga ƙaton nan mai ido ɗaya Polifimos, wanda maimakon ya ciyar da baƙi sai ya riƙa cinye su, kyautar baƙuntar da ya yi wa Odisiyos alkawari ita ce sai ya gama cinye sauran sannan ya cinye shi. Yaron da ya tashi yana jin baƙonka annabinka, yana ganin ana kawo wa baƙo ruwa kafin a tambaye shi me ke tafe da shi, ba sai an yi masa dogon bayani ba kan girman laifin ƙaton nan. Daga nan ki ja su zuwa kalmar da suke ji a labarai in ana maganar ƙyamar baƙi, xenophobia, ki nuna musu xenos ɗin a ciki, ki ƙara musu da cewa phobos a wajen Homa gudu ne na ruɗewa a fagen yaƙi, daga baya ma'anar ta koma tsoro.

Kar ki manta ki gaya musu Girkanci ya daɗe a bakinsu. Alƙalami daga qalam na Larabci ne, shi kuma daga kalamos na Girkanci, wato kara ko gora da ake fiƙewa a yi rubutu. Falsafa ma haka. Yunan da Larabawa ke kiran Girka da shi daga Iyoniya ne, gaɓar tekun yammacin Turkiyya ta yau, kuma karin harshen wannan yanki shi ya fi yawa a waƙoƙin Homa.

Wani ɗalibi ya tambaya, wai an ce masa kalmar farko a Iliyad "fushi" ce, to wane irin fushi, haushi ne ko hasala ko gaba?

Ɗana tambayarka ta yi kyau ƙwarai. Kalmar ita ce menin, asalinta menis. Homa yana da wata kalma ta fushin yau da kullum, kholos, wadda ke da alaƙa da matsarmama, irin wanda ke taso wa mutum ya huce. Menis kuwa yawanci ga allolin da Girkawa suka yi imani da su ake jingina ta, a cikin mutane kusan Akilis ne ya keɓanta da ita, fushi ne mai nauyi wanda ba ya tsayawa kan wanda ya yi laifi, yakan ci jama'a gaba ɗaya. Dubi yadda abin ya faru. An tilasta wa Agamemnon ya mayar da wata yarinya da ya kama ga ubanta, sai ya huce kan Akilis ya ƙwace masa tasa ganimar, Birisayis, a gaban runduna. Abin da ya ƙona Akilis shi ne cin mutuncin, an taɓa masa abin da suke kira time, wato daraja da girman da jama'a ke ba mutum gwargwadon aikinsa. Sai ya janye daga yaƙi, Girkawa suka yi ta mutuwa, har amininsa Fatirokilos ya sa kayan yaƙin Akilis ya fita, Hekta babban jarumin Turoya ya kashe shi. Don haka haushi ya yi ƙanƙanta, hasala ta yi gajarta, gaba kuma tana buƙatar ɓangare biyu. Ni dai in zan fassara sai in bar shi a fushi, amma in tsaya in yi wa aji bayanin irin wanda muke nufi in mun ce Allah ya kiyashe mu da fushin manya.

Tunda ka taɓo kalmar farko, ta Odisi andra ce, namiji, wato Odisiyos, sai aka bi ta da polutropon. Polu yawa, tropos juyi. Mai yawan juyi. Tun da can ake gardama, wanda duniya ta yi ta juya shi ne, shekara 10 a yaƙi shekara 10 a hanyar komawa gida, ko wanda ke juya magana da dabara? Duka biyun suna ciki, kuma malami nagari ba zai zaɓar wa ɗalibai ɗaya ba, ya bar su su yi ta muhawara, wani ya ce gogagge wani ya ce shu'umi wani ya ce ɗan duniya, kalmar da aka yi musu a kanta ba ta ɓacewa.

Wani bawan Allah kuma ya ce shin akwai karin magana a waƙoƙin nan ko labarin yaƙi ne zalla?

Malam akwai mana, wasu ma sai ka rantse a zauren gidanku aka faɗe su. Akwai jimlar da ke yawan dawowa in wani ya yi ɓaranɓarama, sai a ce masa "wace irin magana ce ta tsallake shingen haƙoranka?" Herkos odonton, shingen haƙora. Su a wajensu magana aba ce mai fukafukai, epea pteroenta, haƙora ne dangar da ke tsare ta, in ta tsallake ta tafi. Mu muka ce magana zarar bunu ce. Hoton ya bambanta, su tsuntsu ko kibiya, mu bunun rufin ɗaki da in ka zaro ba ya komawa, amma gargaɗin ɗaya ne. A kashi na 17 na Iliyad Minilawos ɗan'uwan Agamemnon yana gargaɗin wani matashi ya ja da baya, ya ce masa wawa sai abu ya auku yake ganewa, matashin bai ji ba, nan ya mutu, mu sai mu ce da na sani ƙeya ce. A kashi na 17 na Odisi kuma wani makiyayin awaki ya ga makiyayin aladu tare da Odisiyos cikin shigar bara, ya yi musu gatse cewa kullum abin bauta yana haɗa mutum da irinsa, wato sai hali ya zo ɗaya ake abota. Abin da nake roƙon malamai a nan, in kun kawo karin maganarmu gefen tasu ku sa yara su duba wa ya faɗa, ga wa, a wane hali. Makiyayin awakin nan zagi yake yi, kuma bai san maigidansa yake zagi ba, in aka cire wannan an zubar da rabin daɗin maganar.

Ta ƙarshe gajera ce. Wata ɗaliba ta ce ta duba Iliyad ba ta ga inda aka harbi Akilis a diddige ba, ba ta ga dokin katako ba, ko littafinta bai cika ba?

'Yata littafinki cikakke ne, kin kuma yi karatu da kyau da har kika lura. Iliyad makonni kaɗan kawai ta ɗauka cikin shekara ta 10 ta yaƙin Turoya, ta ƙare da jana'izar Hekta, Akilis yana raye birnin bai faɗi ba. Dokin katako, wanda Girkawa suka ɓuya a cikinsa suka ci birnin, a Odisi ake ambatarsa, musamman kashi na 8 inda makahon mawaƙi Dimodokos ke rerawa Odisiyos yana kuka, cikakken labarin kuma sai a kashi na 2 na waƙar Latin ta Firjil mawaƙin Rum. Zancen cewa uwarsa ta tsoma shi a kogin Sitikis, kogin duniyar matattu a imaninsu, tana riƙe da shi ta ƙafa, wurin ya zama lagonsa, a wajen Sitatiyos mawaƙin Rum na ƙarni na 1 bayan haihuwar Annabi Isa (AS) aka fara samun tushensa, ɗaruruwan shekaru bayan Homa. In aka tambaye ki ma'anar diddigen Akilis a jarrabawa ki ce lagon mutum ne, wurin da in an taɓa ƙarfinsa ya ƙare, amma kar ki rubuta cewa daga Iliyad aka samo shi.