Ranar da Bali ke yin tsit

Tambaya: Zan je Jakarta sayen kaya a watan Maris, ina so in leƙa tsibirin Bali, shi ma a Indonesiya. An ce akwai ranar da ba a fita. Gaskiya ne? Daga wani ɗan kasuwa, unguwar Zariya, Maraɗi.

Amsa: Gaskiya ne, Alhaji. Ranar Nyepi ke nan, sabuwar shekarar mabiya addinin Hindu na Bali. Yawanci a Maris take faɗowa, amma kwanan yana sauyawa, don haka a duba kafin a yanki tikiti. Daga ƙarfe 6 na safe har 6 na safiyar washegari ba tafiya, ba aiki, ba kunna fitila. Filin jirgin saman Bali, Ngurah Rai, kansa rufewa yake, tashoshin jiragen ruwa ma haka. Baƙo ba ya fita daga otal, in ya fita 'yan sintirin gargajiya za su maido shi.

Ku isa da kwana biyu kafin ranar, ku tanadi abinci da tsabar kuɗi. Daren jajibirin ana zagaya gari da manyan gumakan ogoh-ogoh, hanyoyi kan toshe tun yamma.

Abinci kuwa, a kula sosai: naman alade ya yawaita. Ku nemi gidajen abincin Padang (girkin Musulmin yammacin tsibirin Sumatra) ko masu alamar halal.