Mainin a Waya, Hayar Injin Haƙar Bitcoin da Alƙawarin Ninka Kuɗi: Amsoshin Tambayoyinku

Tambaya: Malam, gardama ce ta kaure tsakanina da yayana. Na daɗe ina danna Pi kullum, na kuma yi Hamster lokacin da ake yayinta, wato manhajojin waya da ake dannawa a tara sulallan intanet da sunan haƙa (mainin). Shi ya ce ɓarnar data ce kawai, ni kuma na ce ai haka Bitcoin ta fara, waɗanda suka yi haƙuri su suka ci moriya. Wa ke da gaskiya? (Daga wani ɗalibi a Zariya)

Amsa: Ƙanena, yayanka ya fi ka kusa da gaskiya, ko da yake ba duka ya kwashe ba. Kuskurenka shi ne haɗa abin da kake yi a waya da haƙar Bitcoin, alhali hanyarsu ba ɗaya ba ce.

Bitcoin ba ta da babban banki mai riƙe littafin shige da fice. Masu haƙa su ke tattara cinikayyar da aka yi, su yi rige-rigen lalubo wata lamba ta hanyar gwaji sau tiriliyoyi a kowace daƙiƙa. Wanda injinsa ya riga dacewa shi zai rubuta sabon shafi a littafin, a ba shi lada. Ana yin haka kusan kowane minti 10. A 2009 da aka fara, ladan Bitcoin 50 ne, kuma kwamfutar gida ma tana iya shiga gasar domin masu yi ba su da yawa. Duk bayan kimanin shekara huɗu ana raba ladan biyu. Daga Afrilun 2024 ya koma 3.125. Yau gasar ta koma hannun kamfanoni masu rumbuna cike da injina. Waya ba ta da wurin zama a wannan fage, ko ta miliyan nawa ce.

Abin da ke faruwa idan ka danna maɓallin Pi daban ne. Gwada da kanka: danna, ka kashe wayar, ka kunna bayan awa biyar. Za ka tarar lambar ta ƙaru. Ashe ba wayarka ke aikin ba, kwamfutar kamfanin ce ke rubuta maka maki don ka leƙo yau. Rabo ne ake yi domin tara jama'a, su kuma suna samun nasu ta tallace-tallacen da kake kallo da yawan mutanen da ka gayyato.

Inda yayanka ya zarce shi ne cewa ba a taɓa samun komai ba. An samu. Da Notcoin, wata manhajar danne-danne irin wannan, ta shiga kasuwa a Mayun 2024 matasa da dama a Arewa sun ga kuɗi a hannu, kuma wannan ne ya hura wutar da ta sa kowa ya duƙufa kan Hamster Kombat da TapSwap, har da magidanta a bakin shago. Sai dai masu Hamster sun ce 'yan wasansu sun kai miliyan 300. Abin da za a raba wa mutum miliyan 300, nawa zai zo hannun kowa? Da aka fara cinikinta ranar 26 ga Satumba 2024, mutane da yawa abin da suka tashi da shi bai rufe kuɗin datar da suka ƙona ba. Pi kuwa, wadda aka fara a 2019, sai 20 ga Fabrairu 2025 ta shiga kasuwa. Ta tashi ta kusa dala 3 cikin 'yan kwanaki, daga baya ta faɗo ƙasa da dala ɗaya. Maganar da aka riƙa yaɗawa cewa kowace Pi za ta kai dala 314,159 ba ta da tushe a kowace kasuwa.

Idan dannawa sau ɗaya a rana ne, ba ka sa ko kwabo ba, ba zan ce ka daina ba. Abin da ke ɓata mini rai shi ne in ga ɗalibi ya bar karatu ya kwana yana danne-danne, ko ya ci bashi ya ƙara waya ta biyu da ta uku. Ka kuma san wanda kake miƙa wa hoton katin shaidarka da fuskarka da sunan tantancewa, domin ba kowace manhaja ce ta cancanci wannan amanar ba.

Tambaya: Ina da ɗan jari, ina tunanin sayo injin haƙar Bitcoin na gaske in ajiye a gida. Zai fitar da ni? (Wani ɗan kasuwa a Kano)

Amsa: Alhaji, mu yi lissafin wuta tukuna kafin a je ga kuɗin inji. Ɗauki Antminer S19 Pro, wanda ake yawan samun na hannu. Yana shan wat 3,250, kuma dole ya yi aiki dare da rana. Yunit 78 ke nan a kwana ɗaya. Masu layin Band A, waɗanda aka yi wa alƙawarin wutar awa 20, an mayar da kuɗin yunit ɗinsu sama da naira 200 a 2024. Ko a kan 200 cif, naira 15,600 ce kullum, kusan 470,000 a wata, kan inji guda. Manyan masu haƙa a duniya suna bin inda wuta ke da arha ƙwarai, kamar Texas ta Amurka da Habasha mai madatsun ruwa, kuma da su za ka yi gasa. Idan janareta za ka tayar, maganar riba ma ba ta taso ba.

Ga zafi. Duk wutar da injin ya sha zafi take komawa, sai ka haɗa da zafin Kano a watan Afrilu da ƙurar hunturu da ke toshe fanka. Ƙararsa kuma maƙwabta ba za su yi barci ba. Sannan duk lokacin da aka fito da sabon samfuri, naka yana ƙara zama baya. Wanda yake da rarar wutar sola mai yawa da ba ya amfani da ita zai iya zama ya yi lissafi. A gidan da ke dogaro da wutar layi, ban ba ka shawara ba.

Tambaya: Ƙawata ta turo mini wata manhaja. Za ka biya naira 30,000 hayar inji a ƙasar waje, kullum a ba ka 1,500. Ta nuna mini alat ɗin da ta cira da idona. Kuɗin adashena na nan tafe, in sa? (Wata matar aure a Gusau)

Amsa: 'Yar uwa, don Allah kada ki sa. Alat ɗin da kika gani na gaske ne, ƙawarki ba ƙarya ta yi miki ba, kuma nan ne haɗarin yake. Kuɗin da aka biya ta daga aljihun waɗanda suka shiga bayanta aka ɗebo, naki kuma da shi za a biya wasu, har ranar da masu cira suka fi masu zubawa yawa a rufe shafin.

Duba lissafin da kanki. Naira 1,500 kullum kan 30,000 na nufin uwar kuɗi ta dawo cikin kwana 20, ribar wata ta haura kashi ɗari. Mai injin da ke haifar da irin wannan riba me zai yi da 30,000 ɗinki? Banki ma zai ba shi bashi da gudu. Mai haƙa na gaskiya kuma bai san abin da zai samu gobe ba, domin farashin Bitcoin na hawa da sauka, gasar ma tana ƙara tsanani. Duk wanda ya yanka miki riba tsayayya a kullum, ba daga haƙa yake kawo ta ba.

An sha yin haka. HashFlare, kamfanin wasu mutum biyu 'yan ƙasar Estoniya, ya sayar da hayar injina ta sama da dala miliyan 570 tsakanin 2015 da 2019. A Fabrairun 2025 suka amsa laifi a wata kotun Amurka: ƙarfin injinan da suke da su bai kai ko kusa da abin da suka sayar ba, lambobin da kwastomomi ke kallo suna ƙaruwa a allo ƙirƙirarsu aka yi. A nan gida mun ga MMM, mai alƙawarin kashi 30 a wata, da ta daskarar da asusun mutane a Disambar 2016. Sai CBEX, wadda ta ce na'ura mai ƙwaƙwalwa ce ke yi mata cinikin kirifto, wato kuɗaɗen intanet irin su Bitcoin, tana ninka kuɗi cikin kwana 30. A Afrilun 2025 cira ya gagara, fusatattu suka far wa ofishinta a Ibadan suka kwashe kaya, hukumar SEC mai kula da harkar zuba jari ta ce ba ta taɓa yi mata rajista ba, EFCC ta shiga bincike. Abin takaici, bayan rushewar an ce wa mutane su ƙara zuba dala 100 ko 200 wai don a tantance su kafin su cira.

Alamomin kusan iri ɗaya ne kullum: ana ba ki kaso idan kin kawo wasu, akwai matakan "VIP" da ke ƙara riba idan kin ƙara kuɗi, manhajar ta hanyar mahaɗi a WhatsApp ko Telegram ake sauke ta, kuma asusun da za ki tura kuɗin sunan wani mutum ne ba na kamfani ba. Ki gaya wa ƙawarki ta cire abin da za ta iya cirewa yau, ta kuma daina gayyatar mutane. Ranar da abin ya rushe, ita za a zo wa ƙofar gida, ba masu manhajar ba.

Tambaya: Na riga na yi asara a irin wannan. Wani a Facebook ya ce ƙwararre ne, zai dawo mini da kuɗina idan na ba shi kalmomin walat ɗina da ɗan kuɗin aiki.

Amsa: Allah ya mayar maka da alheri. Wannan damfara ta biyu ce ake shirya maka. Kalmomi 12 ko 24 da aka ba ka ranar da ka buɗe walat, wato asusun ajiyar kirifto, su ne mabuɗin dukiyar gaba ɗaya. Wanda ya same su zai kwashe komai daga ko'ina yake a duniya, kuma cinikin kirifto idan ya wuce ba a janye shi. Babu ma'aikacin Pi ko Trust Wallet ko wani kamfani na gaskiya da zai nemi ka turo su. Rubuta su a takarda ka adana, kada ka ɗauke su hoto ka bari a waya.

Idan ta banki ka tura kuɗin, je reshenka da wuri ka shigar da ƙorafi a rubuce, da lambar asusun da ka tura wa da rasit. Ka ɗauki hoton duk hirarku kafin su goge, ka kai wa EFCC. Ba na yi maka alƙawarin kuɗin za su dawo, amma saurin kai rahoto shi ke ba da damar a riƙe asusun kafin a kwashe.

Tambaya: Wai har yanzu gwamnati ta haramta kirifto a Najeriya?

Amsa: A'a. A Fabrairun 2021 Babban Bankin Najeriya ya hana bankuna hulɗa da kamfanonin kirifto, ya kuma janye hanin a Disambar 2023. A Agustan 2024 SEC ta ba kamfanonin cinikin kirifto Busha da Quidax amincewar farko. Dokar zuba jari da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Maris 2025 ta sa kadarorin dijital ƙarƙashin kulawar SEC, ta kuma tanadi tarar da ba ta gaza naira miliyan 20 ba, ko ɗaurin shekara 10, ko duka biyun, ga masu shirya tsarin cin kuɗin wani a biya wani.

Halaccin doka bai hana faɗuwar farashi ba. Bitcoin ta kusa dala 69,000 a Nuwambar 2021, shekara guda bayan nan ta dawo wajen 16,000. Kuɗin makarantar yara da jarin shago ba su ne na wannan kasuwa ba. Kafin ka ba kowane kamfani kuɗi, nemi sunansa a shafin SEC. Takardar CAC da suke yawan nunawa rajistar suna ce kawai, ba izinin karɓar jarin jama'a ba.